Kafin a Mai da Saman Silin Ɗaki: Maganar Rafta da Danshi

A Ingila, musamman a birane masu tsadar fili irin su Landan da Manchesta, iyali idan suka yi yawa ba lalle su tashi ba. Sukan ɗaga kai su dubi sararin da ke tsakanin silin da rufi su mai da shi ɗakin kwana. Hausawan da suka mallaki gida a can ma wannan shawarar kan zo musu. Magina kan ce a fara auna tsayi, in bai kai kusan mita 2.2 a tsakiya ba, aikin zai yi wuya. Amma inda kuɗi ke salwanta a ɓoye shi ne wurin sanya abin tare sanyi a tsakanin katakan rafta.

Da can, audugar gilashi ake shimfiɗawa a kan silin, saman ya zauna da sanyinsa, iska na kaiwa da komowa. Da zarar mutum zai kwana a wurin, dole kariyar ta koma jikin rufin kansa. Dokar gini ta Ingila, sashen da ake kira Part L, wanda aka tsaurara a watan Yunin 2022, tana neman zafin da ke zurarewa ta rufi ya sauko zuwa ma'aunin 0.15 ko 0.16, ya danganta da ko sabon rufi ne ko tsoho ake gyarawa. Raguwar lambar ita ce ƙaruwar ɗumi.

To, a nan gizo ke saƙa. Raftar tsofaffin gidaje sau da yawa zurfinta milimita 100 ne kacal. Idan kuma a ƙarƙashin tayil akwai tsohuwar shimfiɗar kwalta wadda tururi ba ya ratsa ta, wajibi ne a bar ratar milimita 50 tsakaninta da abin tare sanyin, a buɗe wa iska hanya daga bakin rufi ta ƙasa har ƙololuwa. Ka ga saura milimita 50, kuma wannan ba ya isa.

Me ya sa za a sadaukar da rabin wurin ga iska? Saboda numfashi, wanka, girki da shanyar kaya a cikin gida duk tururi ne, kuma sama yake yi. Wanda ya taɓa ganin kofin ruwan sanyi na gumi a lokacin bazara ya san sauran labarin: tururi in ya taɓa abu mai sanyi sai ya koma ruwa. A hunturun Ingila, bayan rufi ne wuri mafi sanyi. In babu iskar da za ta kwashe wannan raɓa, katako zai sha ta shekara da shekaru, funfuna ta kama, ya fara ruɓewa, mai gida na ƙasa bai sani ba don allon filasta ya rufe komai. A ganina, duk maginin da ya ce a cika ratar don "ɗaki ya fi ɗumi" bai cancanci a ba shi aikin ba. Inda aka sake rufi da sabuwar shimfiɗa mai barin tururi ya fita, ana iya rage ratar, amma bisa ƙa'idar kamfanin da ya yi ta.

Mafita biyu ce, kuma yawanci haɗa su ake yi. Kafinta ya ƙara wa rafta zurfi da wani katako, sannan a sa allon soso mai tauri mai fatar alminiyom, irin na Kingspan ko Celotex, wanda ke tare sanyi kusan ninki biyu na audugar gilashi mai kauri ɗaya. A yanka shi ya shiga cif, ba a bar kafa ba. Daga nan a sake bin ƙasan raftocin da wani allon a gicciye, domin katako da kansa hanya ce da zafi ke bi ya fice. Wannan zai ci tsayin ɗaki kaɗan, sai haƙuri. A ƙarshe a rufe ta ciki da leda mai hana tururi, a like duk mahaɗa da tef. Fitilun da ake binnewa cikin silin kan huda wannan leda, a yi hattara da su, haka ma wayar lantarki da aka nutsa cikin soso, takan ɗau zafi.

Kumfar da ake fesawa a bayan tayil kuwa, a yi nesa da ita. Bankuna da dama a Birtaniya na ƙin ba da bashin sayen gidan da aka fesa wa, saboda ba a iya ganin halin da katako ke ciki.

Ɗakin sama ba sanyi kaɗai ke damunsa ba. A Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a Ingila, kuma wanda ya kwana a ƙarƙashin kwano a Kano ya san abin da masu irin waɗannan ɗakuna suka ji. Allon da aka yi da zaren itace ya fi soso jinkirta shigar zafin rana, sai dai yana buƙatar kauri sosai.

Idan jemagu na zaune a rufin, doka ta hana a taɓa maƙwancinsu ba da izini ba. Kuma kada a buga allon filasta sai jami'in duba gini ya zo ya ga aikin a buɗe, don takardar da zai bayar ce lauyan mai saye zai nema ranar da za a sayar da gidan.