Tsatsa da Hanyoyin Kāre Ƙarfe: Darasi Daga Masana'antun Kudancin Kaduna

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayanin yadda ake lulluɓe ƙarfe da sinadarai domin kada tsatsa ta ci shi ko gogayya ta sīɗe shi. Na zaɓi in kafa misalaina a kan unguwannin da ke ƙetaren Kogin Kaduna ta kudu, watau Kakuri da Makera da hanyar Kachiya, saboda da wuya a sami wani wuri a Arewacin Nijeriya da aka tara ƙarfe kamar nan. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON a 1964, kamfanin Peugeot kuma ya fara harhaɗa motoci a 1975. Matatar mai da kamfanin Chiyoda na Japan ya gina ta fara aiki a 1980.

Tilas ne mu fara da sanin abin da ake yaƙi da shi. Tsatsa ba ta samuwa sai abubuwa uku sun haɗu, watau baƙin ƙarfe da ruwa da iskar oksijin. Idan ɗigon ruwa ya kwanta a kan ƙarfe, wani sashe na ƙarfen yakan saki ƙwayoyin lantarki ya narke, wani sashen kuma ya karɓe su ya miƙa wa oksijin, kamar dai yadda batir yake aiki. Abin da ya fito shi ne jan garin nan mai ɓarɓashi, wanda ba ya manne wa ƙarfe, don haka ruwa yakan ci gaba da ratsawa ƙarƙashinsa. Alminiyam ma yana haɗuwa da oksijin, amma fatar da yake yi siririya ce mai manne wa jiki, ita ce take tsare sauran. A Kaduna damina takan ɗauki wajen wata shida, daga Afrilu zuwa Oktoba, sa'an nan hunturu ya zo da ƙura mai kankare fenti, ya buɗe wa damina mai zuwa hanya. Wani bincike da ƙungiyar NACE ta fitar a 2016 ya ƙiyasta asarar da lalacewar ƙarafa take jawo wa duniya a kan dala tiriliyan 2.5 a shekara.

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba ƙarfe da ruwa da iska. Wannan ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Hausa. Maƙeri yakan shafa wa fartanya mai tun tana da zafi har ta yi baƙi, mai tuyar waina kuma ta san tandar ƙarfe da ta sha mai ba ta tsatsa. Samira da langa na kayan ɗakin amare su ma ƙarfe ne da aka narka wa garin gilashi a wuta mai zafin da ya kai digiri 800, shi ya sa ba sa tsatsa sai a inda suka faɗi suka ɓantare. Fenti ma haka yake aiki, kuma rauninsa ɗaya ne da na samira: ko'ina ya tsage, nan tsatsa za ta shiga.

A nan ne tutiya ta yi fice, kuma ina so mu ɗan daɗe a kanta domin ita ce a kan rufin kowannenmu. Kwanon rufi ƙarfe ne da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kimanin digiri 450, dabarar da Stanislas Sorel ya yi wa rajista a Faransa a 1837. Tutiya ta fi ƙarfe saurin sakin ƙwayoyin lantarki, saboda haka idan ƙusa ta huda kwano ko wani abu ya karce shi, tutiyar da ke kewaye da wurin ita ce za ta riƙa narkewa, ƙarfen kuwa ya zauna lafiya har sai ta ƙare. Gwangwanin madara ko na tumatir akasin haka ne. An lulluɓe shi da kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a Jos, ita kuwa kuza ta fi ƙarfe taurin kai, don haka da zarar an karce gwangwani ƙarfen ne zai narke, har ma ya fi sauri bisa ga wanda ba a lulluɓe ba. Ke nan tsawon ran kwano ya dogara ne ga yawan tutiyar da aka ɗora masa. Ana auna wannan da giram a kan kowace murabba'in mita; kwanon da aka yi wa giram 275 yana da kaurin tutiya wajen maikiron 20 a kowace fuska. Mai saye a kasuwa yakan lanƙwasa kwano ya ji kaurinsa, ya duba ƙyallinsa, alhali babu ɗayan biyun da zai gaya masa nauyin tutiyar. A ganina, hatimin hukumar kula da ingancin kaya ta SON ba zai amfani talaka sosai ba sai an tilasta rubuta wannan adadi ƙuru-ƙuru a jikin kowane falle.

Wannan hikima ta sadaukar da wani ƙarfe domin wani, ita ce Humphry Davy ya gwada a kan jiragen ruwan Ingila a 1824, kuma ita ake amfani da ita wajen tsare bututun da aka binne a ƙasa, irin wanda aka shimfiɗa daga Warri domin kawo ɗanyen mai Kaduna. Akan naɗe bututun da kwalta ko roba, sa'an nan a riƙa tura masa ɗan lantarki kaɗan ba yankewa. Ranar da wutar ta tsaya ko aka sace wayar, tsatsa za ta kama aiki a ƙarƙashin ƙasa inda ba mai ganinta.

A ma'aikatun harhaɗa motoci kuwa, aikin ya fi haka tsawo. Sai an wanke gangar motar daga maiƙo, a tsoma ta cikin ruwan fosfet na tutiya wanda zai bar mata wata fata mai kaushi da fenti zai kama, kafin a zo ga fentin share fage da na ado, a gasa. Tun daga shekarun 1970 yawancin kamfanoni suka koma tsoma gangar ɗungum cikin kwamin fenti a sakar mata lantarki, domin fentin ya shiga lungunan da feshi ba ya kaiwa. Irin wannan fosfet ɗin, ko na manganis, shi ne yake ba bindigar soja launin toka-toka. Maganin gogayya dabam ne: haƙoran giya akan gasa su a zafin wajen digiri 900 cikin abin da ke ɗauke da sinadarin gawayi, sai bayansu ya taurare, cikinsu ya zauna da laushin da zai hana su karyewa.

Yanzu a kwatanta wannan da abin da muke gani a rumfunan masu walda da masu gyaran jikin mota. Akan haɗa ƙofa ko tankin ruwa, a bi da jan fenti a kan tsatsa da maiƙo ba tare da an kankare ba, bayan damina biyu fentin ya kumbura ya zube. Laifin ba na fentin ba ne, na rashin share fage ne, kuma burushin waya da takardar yashi ba su da tsada. Daɗin daɗawa, wanda ya yi walda a kan ƙarfe mai tutiya yana shaƙar farin hayaƙin da ke kawo zazzaɓi da dare; madarar da suke sha ba ta tsare huhu, iska mai wadata da abin rufe hanci su ne magani. Haka kuma tsohon jan fentin dalma da ruwan kuromiyam na masu ƙyalƙyale ƙarfe guba ne, kuma magudanan Kakuri da Makera a Kogin Kaduna suke zubewa, inda masu lambu suke ban ruwa da rani.

Ga 'yan'uwana malaman kimiyya, akwai gwajin da nake yi wa ɗalibaina wanda bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. A sami ƙusoshi uku a goge su, a bar ɗaya haka nan, a matse ɗaya da yankin kwanon rufi, a naɗe ta uku da wayar jan ƙarfe, a saka kowace cikin kofin ruwan gishiri. Kafin mako ya zagayo ta farko za ta yi ja, ta ukun ta fi ta lalacewa, ta biyun kuwa tana nan kusan yadda aka saka ta.