Mashi da Alƙalamin Zane: Yadda Roald Bradstock Ya Kai Shekara 50 Yana Gasa

A watan Yunin 2012 aka yi gasar tantance 'yan wasan da za su wakilci Birtaniya a Olamfik ɗin Landan, a birnin Birmingham na Ingila. Wanda ya zo na biyu a jifan mashi mutum ne mai shekara 50 a duniya, Roald Bradstock, da ya cilla mashi mai nauyin giram 800 har nisan mita 72.78. Cikin waɗanda ya tsere wa akwai samarin da a haife ya haife su. Bai sami gurbin zuwa Olamfik ɗin ba, domin mafi ƙarancin nisan da aka gindaya mita 79.50 ne, amma jifan nasa ya ja hankali sosai. Bayan jifa, sana'arsa zane ce: yana zana hotuna, yana tsara fasalin tufafin wasa, kuma ya saba fita fili cikin kayan da shi ya zayyana da hannunsa, mashin ma ya shafe shi da launin da zai dace da kayan. Saboda haka 'yan jarida suka laƙaba masa sunan Picasso na Olamfik. Mafi yawan masu ba da labarinsa suna ɗaukar zanen a matsayin ado kawai, su jingina daɗewarsa ga baiwar jiki. A ganina sun juya lamarin. Sana'ar ta biyu tana cikin manyan dalilan da suka sa ya daɗe a ta farko.

A fara da jikin, tunda shi ake ta yaba wa. An haifi Bradstock a 1962, kuma yana ɗan shekara shida likitoci suka gano yana da nakasar nan da ake haihuwar yaro da ita, wato ƙashin gadon bayansa bai gama haɗewa ba. Suka ja kunnen iyayensa game da wasanni masu jijjiga jiki. Jifan mashi kuwa yana cikin wasannin da suka fi cin gadon baya, domin mai jifa yakan taho da gudu, ya turje da ƙafa ɗaya nan take, ƙarfin gudun ya bi ta ƙugu da baya da kafaɗa ya fita ta hannu. Wanda bayansa ke da rauni ba zai iya kwaikwayon salon kowa ba, dole ya ƙirƙiro nasa, kuma abin da Bradstock ya yi ke nan. Da wannan salon ya zo na bakwai a Olamfik ɗin Los Anjelis a 1984, sannan a 1985 ya jefa mita 91.40, ya zama ɗan Birtaniya na farko da ya haura mita 90. Ba a jima ba kiɗa ya canza. Bayan Uwe Hohn na Jamus ta Gabas ya jefa mita 104.80 a 1984, jifan da ya kusa ƙure filin wasa, hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta sauya ƙirar mashin maza a 1986, ta matsar da cibiyar nauyinsa gaba da santimita huɗu don ya riƙa saurin karkatowa ƙasa. Kowane mai jifa sai da ya sake koyon rawar. Bradstock ya koya, ya kuma je Olamfik ɗin Seoul a 1988 da sabon mashin.

Ga inda zanen ya shigo. Mai tsara zane, irin wanda ke yin tambarin kamfani ko bangon littafi ko allon talla, ba ya aiki a sake. Ana ba shi girman takarda, a ƙayyade masa launi, a faɗa masa kalmomin da dole su fito, sannan a ce ya fitar da abin da ido zai so. Gwanintarsa duka tana cikin yadda yake sarrafa iyakar da aka shata masa. Bradstock ya yi karatun zane a jami'ar Southern Methodist da ke Dallas a Amurka, a daidai shekarun da yake jifa, kuma rayuwarsa ta wasa jerin iyakoki ce: baya mai rauni, mashin da aka sauya, daga baya kuma tsufa. Ɗan wasan da ya dogara da ƙarfi zalla, ranar da ƙarfin ya fara janyewa ba shi da abin kamawa. Wanda ya saba kallon jifarsa a matsayin fasali da za a iya gogewa a sake zanawa, sai ya rage tsawon gudu, ya gyara kusurwar sakin mashi, ya sauya yadda yake motsa jiki, ya ci gaba. Tela ne da aka kawo masa yadi ya gaza, bai mayar wa mai shi ba, ya sauya yanka.

Iyakar da tsufa ke kawowa sananniya ce. Daga wajen shekara 30 tsokar mutum takan fara raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar takan ƙara sauri bayan 60. Zaren tsokar da ke ba da ƙarfin fizga nan take shi ne yake fara tafiya, shi ya sa mai gudun mita 100 yakan riga mai jifa yin ritaya, domin jifa tana da kaso babba na dabara da daidaita lokaci, waɗanda shekaru ba sa ci da wuri. Masu shirya gasar manya sun gina tsarinsu a kan wannan gaskiyar. An yi gasar duniya ta farko ta tsofaffin 'yan wasa a Toronto a 1975, aka kafa ƙungiyarsu a Gothenburg a 1977, kuma a yau ana shiga daga shekara 35, ana raba mutane rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar. Kayan jifan ma suna bin shekaru. Mashin maza giram 800 ne har zuwa shekara 49, sai ya koma 700 a shekarun hamsin, 600 a na sittin, 500 a na saba'in, 400 daga tamanin. Ke nan ba a yaudarar kowa cewa dattijo saurayi ne. An dai auna masa abin da kafaɗarsa za ta ɗauka, an haɗa shi da sa'anninsa. Abin da ya sa jifan Birmingham ya yi fice shi ne Bradstock ya bar wannan rangwamen, ya ɗauki mashin samari ya shiga cikinsu.

Akwai hanya ta biyu da sana'a ke tsawaita wasa, kuma wanda ya fi nuna ta shi ne Al Oerter, Ba'amurken nan mai jifan faifai. Ya ci zinare a Melbourne a 1956, da Rum a 1960, da Tokyo a 1964, da Meziko a 1968, kuma duk sau huɗun akwai mai riƙe da tarihin duniya a filin, Oerter ya kayar da shi. A Tokyo ma da guringuntsin haƙarƙari a yage ya shiga, ciwon da ya ji ƙasa da mako guda kafin gasar. A zamaninsa dokar Olamfik ta hana ɗan wasa cin abinci da wasa, don haka aikin kwamfuta yake yi a kamfanin jiragen sama na Grumman, ya tashi daga ofis ya tafi atisaye. Ya ajiye faifai bayan Meziko, ya dawo a 1976 yana da shekara 40, kuma a 1980, yana da 43, ya yi jifa mafi nisa da aka taɓa rubuta masa a gasa, mita 69.46, wato kusan mita biyar fiye da wadda ta ba shi zinarensa na ƙarshe. Ya zo na huɗu a gasar tantancewa ta Amurka a shekarar, kodayake ƙasar ta ƙaurace wa Olamfik ɗin Mosko. Mutumin da gidansa bai dogara da lambar yabo ba yana iya zuwa na huɗu ya kwana lafiya, gobe ya dawo fili. Wanda wasa ne kaɗai abincinsa kuma shi ne kaɗai sunansa, ranar da ya fara faɗuwa kwangila takan tafi, kunya ta biyo baya, sai ya bar filin tun jikinsa bai ce ya bari ba. Hausawa sun riga sun faɗa, sana'a goma maganin mai gasa. A ƙarshen rayuwarsa Oerter shi ma zane ya koma, har yakan zuba fenti a kan ƙyalle ya buga faifai a ciki ya fantsama, kuma a 2006 ya kafa ƙungiyar Art of the Olympians ta tsofaffin 'yan Olamfik masu zane. Bradstock yana cikin waɗanda aka fara tafiyar da su.

Mai hankali zai ce mutum biyu ba sa zama hujja, kuma dubban masu zane sun tsufa ba su taɓa jefa ko tsakuwa ba. Gaskiya ne. Zai iya ƙarawa da cewa bajintar Oerter ta 1980 ta faɗo a zamanin da ƙwayoyin ƙara tsoka suka cika filayen jifa, kuma shi da bakinsa ya ce ya gwada su na ɗan lokaci a 1976 a ƙarƙashin kulawar likita, ya daina da ya ga jininsa yana hawa. Wannan tabo ne, bai kamata a shafe shi ba. Amma da'awar ba ta tsaya a kan burushi ko a kan mita 69 ba. Dubi sauran waɗanda suka yi suna a gasar tsufa. Ed Whitlock na Kanada, wanda ya yi gudun yada-ƙanin-wani cikin awa 2 da minti 54 da daƙiƙa 48 a Toronto a 2004 yana da shekara 73, injiniyan haƙar ma'adinai ne. Olga Kotelko, ita ma 'yar Kanada, malamar makaranta ce da ta shiga guje-guje da jife-jife tana da 77, ta ci gaba har shekarar da ta rasu, 2014, tana da 95. Babu ɗayansu da wasa ya ciyar. Abin da ya haɗa su shi ne ƙafa ta biyu da suke tsaye a kai. Zane misali ne mai kyau kawai saboda yana ba da abu biyu a lokaci guda, abin sawa a baki da kuma idon gyara. Abin ban sha'awa, Olamfik ɗin kanta ta taɓa yarda da wannan dangantakar. Daga 1912 zuwa 1948 ana ba da lambobi a zane da sassaƙa da adabi da kiɗa da tsara gine-gine. Walter Winans ya ci zinare a harbi a 1908, ya ci wani a sassaƙa a 1912, sannan John Copley ya karɓi azurfa a zane a Landan a 1948 yana da shekara 73. An soke gasar ne bisa hujjar cewa masu zane da zanensu suke ci.

Ƙorafi na biyu ya fi kusa da zuciyar mai karatu a nan gida: ina girma? A wurinmu ɗan dambe ko ɗan kokawa idan furfura ta fito yakan koma gefe, ya zama mai horarwa ko mai faɗa a ji, kuma dattijo cikin gajeren wando mai rodi-rodi ba abin da ido ya saba da shi ba ne. Bradstock bai sauƙaƙa wa masu kare shi ba. A gasar tantancewa ta Amurka a Eugene a 2008, bayan ya zama ɗan ƙasar ita ma, yana sauya kaya tsakanin jifa da jifa, kuma ya sha ɗora bidiyo a YouTube yana cilla ƙwallon golf da kifi da ƙwai da na'urar iPod don a auna nisa. Wasu a cikin masu wasan sun ɗauki abin a matsayin wasan yara. Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, dambe da kokawa jiki ne da jiki, dattijon da ya shiga zai iya komawa gida a sanƙame, alhali mashi ba ya rama duka, kuma tef ɗin awo ba ya duba furfura. Mita 72.78 ba da tausayi aka ba shi ba. Na biyu, jifan mashi wasa ne da kyamara ba ta cika tsayawa a kansa ba, galibi ana yinsa a tsakiyar fili yayin da idon jama'a ke kan masu gudu. Jawo ido zuwa inda ba ya zuwa shi ne ainihin aikin mai tsara talla, kuma abin da Bradstock ya yi wa wasansa ke nan. A 2018 kwamitin Olamfik na duniya ya gayyace shi wasannin hunturu na PyeongChang cikin 'yan wasa masu zane da aka ba aikin zane a wurin.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na lafiya. Oerter ya yi fama da hawan jini tun yana matashi, zuciyarsa ta raunana, likitoci suka ba shi shawarar dashen zuciya ya ƙi, ya rasu a Fort Myers ta jihar Florida ranar 1 ga Oktoban 2007 yana da shekara 71. Wasa bai saya masa ƙarin kwana ba, kuma duk mai cewa gasa rigakafin ajali ce ya wuce gona da iri. Abin da binciken likitoci ya tabbatar ya fi wannan ƙanƙanta amma ya isa: tsoka tana amsa horo ko a shekarun tamanin, kuma dattijon da ke motsa jiki ya fi tsira daga faɗuwa da karayar ƙugu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da ɗaga nauyi aƙalla kwana biyu, ga tsofaffi kuma a ƙara da atisayen daidaita tsayuwa. Gasa tana ba wannan shawarar rana da wuri da abokan yi, abin da takardar likita ba ta bayarwa. Mai karatu da ya haura arba'in, yake da sana'arsa a hannu, yake kuma marmarin komawa filin da ya bari tun yana makaranta, babu abin kunya a ciki. Sai dai kafin ya sayi takalmin gudu, ya fara biyawa ta asibiti a auna masa jini da zuciya.