Abubuwan da ya kamata ka sani game da wahalar haɗa wasan tseren mota irin Gran Turismo

A ranar 23 ga Disamba 1997 kamfanin Sony ya fitar da wani wasan bidiyo a Japan mai suna Gran Turismo. Kazunori Yamauchi da 'yan tsirarun abokan aikinsa sun shafe shekara 5 suna fama da shi, kuma sai da suka fara yin wani wasan tsere na zane-zanen barkwanci, Motor Toon Grand Prix, a 1994, kafin manyan kamfanin su amince musu su yi abin da suke so tun farko. Abin da suke so shi ne wasan da mota za ta yi nauyi kamar mota, ta zame idan an shiga kwana da gudu, ta ƙi tsayawa idan an makara da birki. Wasan ya sayar da fiye da kwafi miliyan 10, ya zarce kowane wasa da aka yi wa PlayStation ta farko.

Tun daga nan ake jayayya kan wane wasan ya fi kama da tuƙin gaske. Masu haɗa irin waɗannan wasanni kuwa sun san cewa ba a samun kamannin nan kyauta. Duk abin da aka ƙara a wani gefe, an rage wani abu a ɗaya gefen, kuma gwanintar aikin tana wajen sanin abin da za a bari ya tafi.

Me ya sa lamba 60 take da muhimmanci haka?

Abin da kake gani yana motsi a allo hotuna ne da ke sauyawa da sauri. Wasanni da yawa suna wadatuwa da hoto 30 a daƙiƙa guda. Wasan tsere na gaske yana neman 60, domin motar da ke gudun kilomita 300 a awa tana cin sama da mita 80 a daƙiƙa ɗaya, kuma ɗan jinkiri tsakanin juya sitiyari da ganin sakamakonsa ya isa ya kai direba bango.

Hoto 60 a daƙiƙa na nufin na'urar tana da kusan kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa ta gama komai: ta lissafa motsin kowace mota a fili, ta yanke wa motocin da kwamfuta ke tuƙawa shawara, ta haɗa ƙarar injina, sannan ta zana titi da inuwa da 'yan kallo da hasken da ke sheƙi a bodi. Kwamfutar tebur ana iya ƙara mata ƙarfi idan da kuɗi. Na'urar wasa ta gida kuwa yadda aka saye ta haka za ta zauna shekara 6 ko 7. PlayStation ta farko megabayit 2 kacal take da shi na babbar ƙwaƙwalwar aiki. Ta 5 tana da gigabayit 16, amma buƙata ma ta ninka. Shi ya sa lokacin da Gran Turismo 7 ya fito a 2022, fasahar nan mai bin hanyar haske don gilashi da fenti su yi sheƙi na gaske an taƙaita ta ga maimaicin tsere da wurin ajiye motoci. A lokacin, da zarar an kaɗa tuta an fara tsere, sai a kashe ta don kada hoto ya yi tsalle-tsalle. Wannan zaɓi ne mai kyau, ko da yake ba ya burgewa a talla.

Taya ce ke da wuya, ba inji ba

Mai kallo zai ɗauka inji ne babban aiki. Injin ma da sauƙi: kamfani ya san ƙarfin da yake bayarwa a kowane juyi, ya san tsawon kowace giya. Inda kai ke ɗaukar zafi shi ne inda roba ta taɓa kwalta, wuri huɗu, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Duk abin da mota ke yi, tashi da tsayawa da kwana, ta nan yake bi.

Roba ba ta da hali ɗaya. Idan ta yi sanyi ba ta kama titi, idan ta yi zafi fiye da kima ta fara narkewa tana santsi. Riƙonta ya danganta da iskar da ke ciki, da nauyin da ya sauko mata a wannan lokacin, da yadda ta karkata, da yawan cinyewar da ta yi. Wani abin mamakin kuma, taya ta fi riƙe titi ne a lokacin da ta ɗan fara zamewa kaɗan. Ƙwararren direba a wannan siririn gaɓar yake zama, yana jin ta a hannu. Wani malamin injiniyanci na jami'ar Delft a ƙasar Holan, Hans Pacejka, ya samar da lissafin da aka daɗe ana amfani da shi wajen kwatanta wannan hali, wanda ake wa laƙabi da lissafin sihiri saboda yana ba da amsa mai kyau ba tare da ya bayyana ainihin abin da ke faruwa cikin robar ba. Matsalarsa tana fitowa a ƙaramin gudu da wajen tsayawa cak, inda lissafin ke rikicewa, dole masu shirya wasa su yi masa faci.

Kamfanin Turn 10, masu wasan Forza Motorsport na Xbox, sun ce a fitowar 2023 suna lissafa wuri 8 a kowace taya, sau 360 a daƙiƙa, maimakon wuri ɗaya da suke yi a da. Polyphony Digital, kamfanin Yamauchi, ya ƙulla yarjejeniya da Michelin a 2019 don samun bayanan taya. Duk wannan lissafi daga cikin ɗan lokacin nan na kowane hoto ake yankar masa rabo, kuma idan motoci 20 ne a fili, taya 80 ke nan.

Yawan motoci ko kyansu?

A nan ne tarihin Gran Turismo ya fi ba da darasi. Yamauchi ya taɓa kwatanta yadda aikin ya sauya: a wasan farko mutum ɗaya kan gama mota a yini guda, a na 3 sai wata guda, a na 5 kuma wata 6. Dalilin a bayyane yake. A 1997 mota 'yar ƙaramar siffa ce mai baƙin gilashi, ba ka ganin cikinta. A zamanin PlayStation 3 sai an zana ɗinkin kujera, da allurar da ke nuna gudu, da ƙwan fitila, da rubutun da ke gefen taya. Sai an nemo motar ta gaske, wani lokaci a gidan tarihi ko garejin wani attajiri, a ɗauke ta hoto ta kowace kusurwa, a auna ta.

Gran Turismo 4, wanda ya fito a Japan a ƙarshen 2004, yana da motoci sama da 700. Da aka zo na 5, ba yadda za a yi a sake gina wannan adadi da sabon inganci. Bayan ɗage ranar fitowa sau da dama, wasan ya fito a Nuwamba 2010 da motoci sama da 1,000, amma kusan 200 ne kawai aka gina sababbi. Sauran wajen 800 an kwaso su ne daga tsofaffin wasanni aka ɗan goge su, ba su da cikakken ciki, kuma idan suka jera kusa da sababbin bambancin yana dukan ido. An samu lambar da za a buga a bayan kwali, an kuma samu ƙorafin da ya bi wasan shekara da shekaru.

Forza ya bi ɗaya hanyar. Na 4 yana da motoci kusan 500. Na 5, wanda ya fito tare da Xbox One a 2013, ya sauko zuwa kusan 200 da filaye 14, saboda an ce komai sai an sake shi daga tushe. Nan ma aka yi ca, aka ce an biya cikakken kuɗi an samu rabin wasa. Polyphony da kansa ya koma wannan hanya a 2017 da Gran Turismo Sport, motoci wajen 160. A ganina hanya ta biyun ta fi gaskiya, domin ba wanda ke tuƙa mota 1,000, kuma a cikin dubun nan na 2010 akwai samfurin Nissan Skyline da Mazda MX-5 bila adadin waɗanda bambancinsu bai taka kara ya karya ba.

Masu motocin ma suna da ta cewa

Kowace mota mai suna a wasa da izinin kamfaninta take shiga, kuma izinin yana zuwa da sharuɗɗa. Kamfanoni ba sa son ganin motarsu ta murƙushe, ko rufinta ya lotsa kan direba, ko ta kama da wuta. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa za ka daki bango da gudun kilomita 200 ka fito da ɗan ƙarce a bamba. Sauran dalilin aiki ne: kafin ƙofa ta ɓalle, sai an zana abin da ke bayanta.

Wani lokaci kuma wani ne ya riga ka. Kamfanin Electronic Arts ya riƙe izinin Porsche shi kaɗai har ƙarshen 2016. Shekara da shekaru masu buga Gran Turismo suna tuƙa RUF, wani ƙaramin kamfanin Jamus mai gina motocinsa a kan gangar jikin Porsche, sai a 2017 Porsche ta shigo da sunanta.

Fili da ƙara

Filin Nürburgring Nordschleife na Jamus ya kai kusan kilomita 21, da hawa da gangara na wajen mita 300. A da da hotuna da taswira ake kwaikwayon fili. Yanzu ana bin sa da na'urar leza mai auna kowane tudu da faci na kwalta, don direban da ya san wurin ya ji cin karon da ya saba ji a daidai inda ya saba jin sa. Aiki ne mai cin watanni, kuma masu filin suna iya sake shimfiɗa kwalta bayan an gama.

Ƙara kuwa ita ce abin da aka fi yi wa Gran Turismo dariya a kai. An daɗe ana cewa injinansa kukan na'urar share ƙura suke yi. Naɗar ƙarar mota tana tsaye ana taka mata totur daban take da ƙararta tana jan nauyi a kan titi. A 2015 Polyphony ya ɗauko Mike Caviezel, wanda ya yi aikin sauti a Forza, kuma an ji bambanci a wasannin da suka biyo baya.

Wa ake yi wa wasan?

Mai buga wasan tseren iRacing a kwamfuta yawanci yana da sitiyari da fedoji, ya kuma yarda ya sha wuya. Mai na'urar gida galibi yana kan kujera da madannin hannu, babban yatsa ne sitiyarinsa. Sitiyarin mota yana juyawa zagaye biyu da rabi; ɗan sandan da ke ƙarƙashin yatsa bai fi motsin santimita ɗaya ko biyu ba. Da za a haɗa su kai tsaye, ba wanda zai gama kwanar farko. Don haka wasan yana tace motsin yatsa a ɓoye, yana rage yadda tayoyi ke juyawa idan gudu ya yi yawa. Sannan ga taimakon da ake gani: layin da ke nuna inda za a taka birki, giya mai sauya kanta, da damar mayar da lokaci baya bayan haɗari, wadda Forza ya saka a wasansa a 2009.

Babban abin da ya ɓace shi ne jiki. Direban gaske da ƙugunsa yake fara jin bayan mota na shirin zamewa. A gida dole a aiko wannan saƙo ta wata hanyar: ƙarar taya da aka ƙara mata ƙarfi fiye da na gaske, girgizar allo, ko maɓallin birkin PlayStation 5 da ke karkarwa a yatsa idan tayoyi suna neman kullewa.

Duk da haka abin da ake koya a wasan yana aiki a waje. Gasar GT Academy da aka fara da Nissan a 2008 ta fitar da Lucas Ordóñez ɗan Sifaniya, sannan Jann Mardenborough ɗan Birtaniya a 2011, wanda ya zo na 3 a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans a 2013. Sai dai an yi musu watanni na horon jiki da na tuƙin gaske kafin a sake su.

Abokan hamayya na kwamfuta

Sa kwamfuta ta yi gudu ba wuya. Wuyar ita ce ta yi gudu kamar mutum: ta tare hanya, ta yi kuskure, ta san lokacin da za ta ba da wuri. An daɗe ana kukan motocin Gran Turismo suna bin layi ɗaya kamar jerin gwano. Sashen binciken Sony ya horar da wani direban kwamfuta mai suna Sophy ta hanyar gwaji da lada, har ya doke zakarun duniya na wasan, mujallar Nature ta sa shi a bangonta a Fabrairu 2022. Abin da ya fi ba su wahala shi ne koya masa ladabin tsere, don idan lada ta tsaya kan nasara kawai, ture abokin hamayya zai yi. Lokacin da aka sa shi cikin Gran Turismo 7 a 2023, a PlayStation 5 kaɗai ya samu shiga, kuma a wasu filaye zaɓaɓɓu.

Ina kuɗin ke fitowa?

An ruwaito cewa Gran Turismo 5 ya ci kusan dala miliyan 60. Mai irin wannan kashewa yana neman hanyar da kuɗi zai ci gaba da shigowa bayan an sayi wasan, kuma a nan Gran Turismo 7 ya yi tuntuɓe. Wasan yana sayar da kuɗin cikinsa da kuɗin gaske, miliyan 2 a kan kusan dala 20, alhali akwai tsofaffin motocin da farashinsu ya kai miliyan 20. Kuma kusan komai a cikinsa, har tseren mutum shi kaɗai, yana buƙatar intanet; kamfanin ya ce don hana maguɗi ne. Ga wanda ke zaune inda layi ke ɗaukewa, wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya hana shi saye.

Makonni biyu bayan fitowarsa a Maris 2022, wani sabuntawa ya rage ladan da ake samu a wasu tsere, sannan wata matsala ta sa aka rufe wasan sama da awa 30. Waɗanda suka biya cikakken farashi suka zauna suna kallon allo. Yamauchi ya ba da haƙuri, aka raba wa 'yan wasa miliyan ɗaya-ɗaya na kuɗin wasan, aka ƙara lada a watan Afrilu. Sharaɗin intanet ɗin kuwa ba a cire shi ba.