Bazara: Tsagar Kitso Ma Tana Ƙuna

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a gabashin Sakkwato. Yarinyar da ke kai abinci gonakin albasa a fadamar Wurno ko Goronyo, da mai talla a kasuwar Rabah, za ki ga gashinsu ya bushe, ya yi ja, yana karyewa. Inda rana ta fi ci kuwa shi ne tsagar kitso, da kan yaron da aka yi wa ƙwal-kwabo.

Uwargida, man kaɗanya yana tausasa gashi, amma ba ya tare rana. Kallabi mai kauri ko malfa ke tarewa, musamman daga hantsi zuwa la'asar. Idan ciwo ya fito a fatar kai ya ƙi warkewa, a garzaya asibiti.