In Ka Bar Facebook da Ire-irensa

Yau maganarmu a kan waya ce, watau Facebook da TikTok da ire-irensu. Akan sami mai zuwa ɗakin shan magani yana kukan rashin barci da ciwon kai da faɗuwar gaba, a duba shi ba zazzaɓi. In an bi sawu, sai a tarar ba ya ajiye waya sai dare ya raba. To, in ka bar waɗannan abubuwa, me zai same ka?

An gwada. Cikin 2018 waɗansu malaman jami'a a Amurka suka biya mutane kuɗi don su rufe Facebook har mako 4. Sai ga shi kowa ya sami rarar kamar awa guda a yini. Wani sashi na wannan awa ya tafi wajen zama da iyali da abokai, wani kuma wajen kallon talabijin. Damuwarsu ta ɗan ragu, farin ciki ya ɗan ƙaru. Ka lura fa, sauƙi ne kaɗan, ba waraka ba ce. Labarin duniya kuma ya riƙa wuce su. Amma da suka koma, ba su daɗewa a kai kamar da.

An kuma gwada ɗalibai 143 a Jami'ar Pennsylvania. Waɗansu aka ƙayyade musu minti 30 a yini har mako 3, sauran aka bar su. Waɗanda aka ƙayyade wa, kaɗaici da baƙin ciki suka ragu gare su, musamman waɗanda da ma abin ya fi damunsu. Ke nan ba lalle sai ka bari ɗungum ba.

Dalili ba wuya. Ba mai ɗaukar hoton rumbunsa ran da ya ƙare. Sabuwar riga da babur da liyafa kake gani, sai ka zaci kai kaɗai talauci ya sani. Ga gardama da mutanen da ba ka taɓa gani ba, ga barcin da ka sayar.

Amma akwai hasara. Yanzu labarin suna da rasuwa ta waya yakan zo, in ba ka halarta ba a ce ka yanke zumunci. Saboda haka kafin ka rufe, ka gaya wa 'yan'uwa su kira ka, kai ma ka riƙa kiran ɗanka da ke ci-rani. Kwanakin farko hannunka zai riƙa kai wa aljihu kamar wanda ya bar cin goro. Kada ka zauna a ɗaki kai kaɗai. Fita majalisa, je ka gai da maras lafiya.

In baƙin ciki ya wuce mako 2 bai sake ka ba, ba ka cin abinci, ko kana tunanin cutar da kanka, ajiye waya ba ya isa. Ka zo ka gaya wa malamin asibiti, shi zai tura ka wurin likita.