Minti goman da Likita Sheppard ya tsallake

A littafin Agatha Christie na 1926, The Murder of Roger Ackroyd, likitan ƙauye mai suna Sheppard ne ke ba da labari. Ya faɗi lokacin da aka kawo wa Ackroyd wata wasiƙa, ya faɗi lokacin da ya fita ya bar shi. Tsakani minti goma ne, kuma a cikinsu ya soka masa wuƙa. Bai yi wa mai karatu ƙarya a wurin ba, shiru kawai ya yi. Sai an kai ƙarshe a dawo baya a ga ramin a fili, ba a kula ba aka wuce.

Wannan ce babbar ribar da marubuci ke samu daga labarin binciken laifi: ya koyi ɓoye abu a gaban idon mai karatu ba tare da ha'inci ba. Dole ya san ƙarshe kafin ya ɗora alƙalami, kowace kujera da aka gusar kuwa sai ta yi aiki daga baya. A 1929 Ronald Knox ya tsara dokoki goma na rubuta irin wannan labari, ciki har da cewa duk alamar da mai bincike ya tsinta sai an nuna wa mai karatu nan take. Wanda ya saba da wannan horo zai yi wuya ya jefo wani kawu attajiri a babin ƙarshe don ya warware masa rikici.

Masu suka ba su rasa hujja ba. Edmund Wilson ya tambaya a 1945 ko wa ya damu da wanda ya kashe Ackroyd, yana ganin mutanen irin waɗannan littattafai tamkar 'yan tsana ne. Da yawansu haka suke, gaskiya. Amma lura da ake koya a nan ita ce dai ke raya mutum a takarda. Conan Doyle ya kwaikwayo ta daga malaminsa na likitanci a Edinbura, Joseph Bell, wanda kan duba majiyyaci ya faɗi sana'arsa kafin ya buɗe baki. Shi ya sa a labarinsa na 1887 mai bincikensa Holmes ya dubi wani mai suna Watson, fuska ta sha rana, hannun hagu a sandare, ya gane daga Afganistan ya dawo.