Yadda Ake Neman Hukumar KAROTA Ta Sauya Wata Ƙa'ida

Direban Adaidaita Sahu da ke jigila tsakanin Ƙofar Dukawuya da Kabuga yana da ikon neman hukumar KAROTA, mai ba shi izinin aiki, ta sake duba ƙa'idar da ta yi masa tsauri. Yajin aikin direbobin Kano na 2021 kan harajin naira 100 kullum, da na Janairun 2022 kan kuɗin sabunta izini, sun sa ɗalibai da 'yan kasuwa tafiya a ƙasa, kuma a teburin sulhu aka ƙare.

Saboda haka muke shawartar jama'a da su rubuta takardar koke zuwa ga Manajan Daraktan hukumar, su ambaci ƙa'idar da irin cutarwar da take yi, sannan su faɗi abin da suke so ya maye gurbinta. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa da shi. Sa hannun shugabannin ƙungiya yana ƙara wa takarda ƙarfi, kuma a riƙe kwafi mai hatimin karɓa.

Sai dai muna jan hankalin dagatai da masu unguwanni cewa abin da ke cikin dokar da ta kafa hukumar, Majalisar Dokokin Jiha ce ke gyara shi. Irin wannan koke ta hannun ɗan majalisar yanki ake miƙa shi.